'Yar da Na Haifa Ba Ƙarya Ba Ce

Mun sauka Amurka cikin tsananin sanyi, ni da 'yata Habiba. Shekararta bakwai a lokacin, an kuma haife ta ne aka raɗa mata sunan namiji. Da wannan zan fara, don in ba a san shi ba, sauran labarin ba zai shiga kunne ba.

Sunana Saude, 'yar Zariya ce ni, aikin nas nake yi tun ina gida. Ranar da na haihu, ungozoma ta duba, ta sake dubawa, sannan ta ce namiji ne. Aka yanka rago, aka sa wa jariri Habibu. Yaro ya taso yau lafiya gobe ciwo, ga amai ga kasala, har ya shekara huɗu kafin wani likita ya yi gwajin da ya kamata. Ya zaunar da mu ni da Malam, mijina, ya ce abin da muka haifa mace ce, da mahaifarta da komai. Wata 'yar halitta ce a saman ƙoda ba ta aiki daidai, ita ta sauya siffar waje, ita ce kuma ke kwantar da yarinyar. Magani za ta riƙa sha kullum har ƙarshen rayuwarta. Malam ya je wurin dattijon da ya karantar da shi fiƙihu. Dattijon ya ce wannan ba baƙon abu ba ne, babi guda gare shi a littafi, a bi abin da ya tabbata. Muka mayar da Habibu Habiba.

A littafi abin ya zo da sauƙi. A unguwa kuwa yara suka riƙa bin ta suna kiran mata-maza, wata maƙwabciya ta hana 'ya'yanta cin abinci kwano ɗaya da ita. Magani kuma yau akwai, gobe babu. Da hanyar aiki a Amurka ta samu, Malam ya ce mu tafi mu biyu. Shi ba zai iya barin mahaifiyarsa da ke kwance ba, ga kuma babban ɗanmu yana makaranta.

Zangonmu na farko garin Sterling ne, kusa da filin jirgi. Wanda ya yi mana hanya, wani mutumin gida ne da ake kira Ɗanliti, shi ya tarbe mu da fara'a da babbar mota. Kafin mu isa masauki ya karɓi fasfo ɗinmu, wai zai adana mana. Asibitin da ya yi mini alkawari ban taɓa ganin ƙofarsa ba. Ya ce sai na sake jarrabawar nas ta ƙasar, wanda gaskiya ne, amma bai faɗa ba sai da ƙafata ta taka ƙasarsu. Ya zuba mu a ɗakin ƙarƙashin ƙasa tare da wasu mata, na'urar ɗumama ɗaki ba ta aiki, tagar ɗakin ba ka ganin komai ta cikinta sai tayoyin motoci. Kullum motarsa za ta kwashe mu zuwa sharar ofisoshi, albashi ya bi ta hannunsa. Habiba na kwana a jikina cikin rigar sanyi biyu. Duk lokacin da jirgi ya wuce ta saman gidan, sai ta tambaye ni ko na Zariya ne.

Na yi kewar abubuwan da ban taɓa tsammanin ana kewarsu ba. Kiran mai manja da safe. Muryar surukata tana faɗa da awaki. Har ƙarar janaretan maƙwabta da nake tsinewa, na kwanta ina nemanta a kunnena.

Wata Juma'a, a sashen mata na babban masallacin garin, na ji wata dattijuwa mai jiki tana yi wa jikanta faɗa da Hausa. Na ƙanƙame hannunta kamar na san ta. Mma Adiza ke nan, 'yar zangon Kumasi, tana dafa shinkafa da wake tana sayarwa bayan salla. Hausarta irin ta Gana ce, ba ta raba mace da namiji, kowa “kai” ne a bakinta. Na ba ta labarina a tsaye, ina share hawaye da bakin hijabi.

“Fasfo naka yana hannun wani?” ta ce. “A ƙasan nan? Zo mu tafi.”

Ta rufe tukunyarta, ta sa mu a mota. A ƙofar gidan Ɗanliti ba ta ɗaga murya ba. Ta riƙe wayarta a hannu, ta ce masa ko dai ya fito da takardunmu, ko ta kira 'yan sanda su taya shi nema. Ya fito da su yana cewa an yi masa butulci. A hanya Habiba ta raɗa mini a kunne, “Umma, ita wannan ba ta damu da ko mutum mace ne ko namiji ba.” Dariyar da na yi ranar ita ce ta farko tun saukarmu.

Mma Adiza ce ta samo mini aiki a garin Bowie, gidan wata tsohuwa baƙar fata da ta yi ritaya daga koyarwa, ƙafafunta sun daina ɗaukarta. 'Ya'yanta suka yarda in zauna a gidan da yarinyata. Unguwa ce shiru, gida da ciyawa, gida da ciyawa, babu mai tafiya a ƙasa. In ba ka da mota, fursuna ne kai. Ina yi wa tsohuwa wanka, ina juya ta, ina karatun jarrabawa a teburin kicin. Ita kuma ta ɗauki Habiba ta koya mata karatun Turanci a bakin gadonta. Ta ji kaurin muryar yarinyar, ta ga kwalaben magani, ba ta taɓa tambaya ba. Sau ɗaya kawai ta ce mini, “Wannan yarinyar za ta yi faɗa da yawa a rayuwa. Kada ki koya mata sunkuyar da kai.” A gidanta na ci jarrabawa, a gidanta na koyi tuƙi, a hannuna kuma ta cika.

Daga nan muka koma Beltsville, na samu aikin nas a gidan kula da tsofaffi, muka kama ɗaki biyu a bene. A nan na tarar da mutanenmu: 'yan Najeriya, 'yan Nijar masu tuƙin haya, 'yan Gana. Babbanmu shi ne Alhaji Maikano, mai sayar da motoci, mutumin kirki, in an yi rasuwa shi ke tsayawa, in an yi haihuwa shi ke raɗa suna. Matarsa Hajiya Bilki ita ke riƙe da taron mata. Suka karɓe ni hannu biyu. Labarin Habiba kuwa ban ba kowa ba sai Mma Adiza. Na ga abin da baki ya yi mana a gida, ban ƙetaro teku don in sake ganinsa ba.

Habiba ta girma, ta shiga makarantar tsakiya, Hausarta ta koma ta ji kawai, amsa sai da Turanci. Jikinta ya zo da nasa rigimar. Murya ta ƙara kauri, gashi ya tsiro mata a haɓa, duk da magani. Yara a ko'ina yara ne. Aka fara tsare ta a ƙofar banɗaki ana tambayarta, ke mace ce ko namiji?

Wadda ta tsamo ta ita ce malamar ba da shawara ta makarantar, Misis Harpa. Tana da wani ɗan zama da take yi da ɗalibai lokacin cin abincin rana, na yaran da ake tsangwama saboda irin wannan. Akwai kuma 'yan littattafai a ɗakin karatu, ɗaya daga ciki yana bayanin yaran da ake haifa da jiki irin na Habiba. Ta aro shi ta kawo gida, ta ajiye mini a kan cinya.

“Umma, ashe akwai mu da yawa,” ta ce.

Ba zan yi ƙarya ba, da na ji su waye sauran yaran zaman, ban ji daɗi ba. Wasu cikinsu lafiyar jikinsu ƙalau, su ne dai suka ce jinsin da aka ba su ba shi suke ji a ransu ba. Ni Musulma ce, an tarbiyyantar da ni a kan abin da aka tarbiyyantar da ni, har yau kuma akwai abubuwan da ban gane ba a wannan sha'ani. Na je na sami Misis Harpa da fuska a ɗaure. Ta nuna mini duk abin da suke yi, ta ce in na ce a cire Habiba, yau za a cire ta. Na leƙa ta gilashin ƙofa. Yara ne suna cin burodi suna gardamar wasan kati, 'yata a tsakiyarsu tana dariya da baki buɗe. Rabon da in ga haƙoranta a waje har na manta. Na juya na koma wurin aiki.

Sai gwamnati ta canza hannu, maganar kuɗi ta taso. Aka ba da umarni cewa makarantar da ta ci gaba da koyar da abin da ya shafi jinsi ta wannan fuska za ta iya rasa tallafin gwamnatin tarayya. Kowa ya san abin da kuɗin nan ke riƙewa a unguwa irin tamu: ajin koyon Turanci na 'ya'yan baƙi, da taimakon yara masu lalura, da sauransu. Tun kafin a taɓa ko sisi, tsoro ya riga ya yi aikinsa. Shugabar makarantar su Habiba ba ta jira kowa ba. Aka kwashe littattafan aka zuba a kwali, wai sai an duba. Aka ce wa Misis Harpa ta dakatar da zamanta har sai lauyoyi sun yi magana.

A taron mata kuwa murna ake yi. Hajiya Bilki ta ce Allah ya karɓi addu'armu, an ceto 'ya'yanmu. Ta ce hukumar makarantun gunduma za ta zauna ta ji ra'ayin iyaye, ana so mu fito ƙwanmu da ƙwarƙwatarmu, mu cika kujerun gaba da hijabai, su san muna goyon bayan a bi umarnin. Ta dube ni. “Saude, ke da kike da Turanci a baki, ke za ki yi mana magana.” Na ce zan duba jadawalin aiki. Na san tsoronsu, ba na raina shi. Uwa ce kowacce, tana ganin ɗanta yana zame mata zuwa wata duniyar da ba ta sani ba. Amma ina zaune a cikinsu kamar na haɗiyi garwashi.

Abin da ya faru a aji, daga baya na ji shi. Ana darasin halittar ɗan Adam, malamin ya ce kowa ana haifarsa ko dai sak namiji ko sak mace. Habiba ta ɗaga hannu, ta ce ai akwai waɗanda ake haifa ba a gane ba sai daga baya. Malamin ya kalli ƙofa, ya ce wannan ba ya cikin abin da aka yarda ya yi magana a kai yanzu, ta tambayi iyayenta. Wani yaro daga baya ya ce, “An hana ne don ƙarya ce, babu irin waɗannan mutanen.” Aji ya kwashe da dariya. Malamin ya juya ga allo.

Ba ta faɗa mini ba. Ni kuma ina aikin dogon yini, in dawo a gajiye, in tambaye ta ko ta sha magani, ta ce e. Ashe ta daina. Wata Asabar da hantsi ina wanke-wanke na ji faɗuwar abu a banɗaki. Na same ta a ƙasa, ta yi amai, jiki ya saki, leɓɓa sun bushe. Na san wannan yanayin, na gan shi tana ƙarama. Na yi mata allurar gaggawa da nake ajiyewa, na kira motar asibiti.

Da ta farfaɗo, ana yi mata ƙarin ruwa, na tambaye ta dalili.

“Sun ce babu mu,” ta ce da Turanci. “Shi ma malamin bai ce akwai ba. To wa nake sha wa maganin?”

Ban yi kuka ba. Wani abu ne daban ya taso mini, mai zafi, tun daga tafin ƙafa. Na bar Zariya saboda bakin mutane, na sha sanyin ɗakin Ɗanliti, na share ofisoshi, na rabu da mijina shekara da shekaru, duk don yarinyar nan ta rayu. Yanzu kuma wasu da ba su taɓa ganinta ba sun sa malami, babban mutum mai ilimi, ya ji tsoron faɗin abin da ke rubuce a littafin likita.

Washegari da la'asar yaran zaman Misis Harpa suka zo asibiti, iyayensu suka kawo su. Suka cika ɗakin da surutu, suka zauna a gefen gado, ɗaya na taje mata gashi. Daga cikin mutanenmu Mma Adiza ce kaɗai ta san muna can, ta zo da kunu a fulas.

Na fita baranda na kira Malam. Na faɗa masa abin da nake shirin yi. Zan tsaya gaban hukumar makarantu in ba da labarin Habiba.

“Saude, baƙuwa ce ke a ƙasar mutane,” ya ce. “Ki tsaya gaban hukuma ki soki gwamnati? In suka taɓa takardunki fa? Kuma kin san kafin ki zauna maganar ta iso Zariya.”

“Zariya ta riga ta sani, Malam. Su suka fara sani.”

“Mutanenki na can fa? Su ne danginki yanzu.”

“Da ta mutu jiya, da su za su yi mata wanka, ba su san abin da ya kashe ta ba.”

Na ji yana jan numfashi. Sannan ya ce, “Sirrin ba naki ba ne, ba nawa ba ne. Ki tambayi mai shi. In ta yarda, na yarda, Allah ya tsare.”

Na koma ɗaki na tambaye ta. Na ce in ta ce a'a, bakina ƙanin ƙafata, babu mai ji. Ta yi tunani sosai.

“Ki faɗa,” ta ce. “Amma kada ki yi kuka a gabansu. Kuma kada ki ba kowa haƙuri.”

Ranar zaman hukumar, zauren ya cika. Mutanenmu sun zo kamar yadda aka shirya, mata a kujerun gaba, maza a bayansu, Alhaji Maikano da babbar riga. A ɗaya ɓangaren akwai malamai da iyaye masu riƙe da kwalaye. Hajiya Bilki ta hango ni ta yafito ni da murna, ta ajiye mini kujera kusa da ita. Na gaishe ta da ladabi, na wuce na zauna a tsakiya tare da Mma Adiza. Da aka kira sunana, na ji matanmu suna gyara zama.

Na yi sallama, na faɗi sunana da aikina. Na ce ni Musulma ce, ina salla, ina azumi, kuma ban zo in koya wa kowa addininsa ba. Na ce na haifi 'ya da aka ɗauka namiji ce har shekara huɗu, Allah ne ya halicce ta haka, ba littafi ba, ba malamin makaranta ba. Na ba su labarin tambayar da ta yi a aji da amsar da ta samu, da inda na tsince ta ranar Asabar.

Na ce, “Duk uwar da ba ta son ɗanta ya karanta wani littafi, ta zo ta faɗa, a saurare ta, haƙƙinta ne. Ni ma na taɓa zuwa da fushi, aka saurare ni. Amma a ce za a ƙwace ajin Turancin 'ya'yanmu in malami ya amsa tambayar 'yata, wannan ba kare yara ba ne, garkuwa da yara ne. An riƙe wuyan wasu don a rufe bakin wasu. Ku da kuke zaune a kan kujerun nan, ba a taɓa muku kuɗi ba tukuna, kun riga kun kwashe littattafai. Ina roƙonku ku mayar da su, ku buɗe wa Misis Harpa ƙofarta, in za a je kotu ku je. In kuwa kun zaɓi kuɗin, to ku fito ku faɗa wa 'yata ido da ido cewa kun sayar da ita, kada ku bar malami yana kallon ƙofa.”

Ƙararrawar ƙarewar lokaci ta buga. Ban yi kuka ba. Ɓangare ɗaya suka tashi suna tafi, ban ko kalle su ba, ba don su na zo ba. Kujerun gaba na kalla. Hajiya Bilki ta sunkuyar da kai, wata kuma ta ja hijabi ta rufe baki. Mma Adiza ta kama hannuna ta matse. “Ka yi daidai,” ta ce. “Zauna ka sha ruwa.”

Hukumar ba ta yanke komai ba ranar. Suka gode wa kowa, suka ce za su tuntuɓi lauyoyi.

Kafin in isa gida an cire ni daga zauren hirar da matanmu ke yi a waya. Juma'ar da ta biyo, sahun da nake tsayawa ya yi mini faɗi, dama babu kowa, hagu babu kowa, sai da Mma Adiza ta ratso ta haɗa kafaɗa da ni. Wata ta aiko a karɓo mata tukunyar da ta ara mini tun bara. Aka yi suna a Bowie ba a gaya mini ba. A ƙasar da mutanenka ba su fi a ƙirga ba, irin wannan yana da ciwo, ba zan ɓoye ba.

Ranar Lahadi da rana Alhaji Maikano ya zo har gida, shi da Hajiya. Na shimfiɗa musu darduma, na kawo ruwa, muka gaisa kamar yadda aka saba. Ya tambayi jikin yarinya, ya yi mata addu'a, na ga da gaske yake.

“Saude, kin ba mu kunya da kika ɓoye mana,” ya ce. “Lalurar 'yarki ai shari'a ta san da ita, babu mai hankalin da zai zarge ki. Da kin faɗa, da mun tsaya miki. Abin da muke so yanzu ƙarami ne. Za a sake zama. Ki koma ki bayyana musu cewa taki daban, ta waɗancan yaran daban. Ki ce a bar maganar lalura, a cire sauran. Kin ga kin fita, mu ma mun fita, zumunci ya dawo.”

Na san hannu yake miƙo mini, kuma raina ya so in kama. Na tuna girkin salla, da hirar mata, da mai amsa mini sallama da harshena.

“Alhaji, na gode, Allah ya saka da alheri,” na ce. “Amma ba zan iya ba.”

“Saboda me?” in ji Hajiya. “Ke kin yarda da abin da suke yi ne?”

“Ban ce na gane komai ba, Hajiya. Akwai abin da har gobe ina tambayar kaina. Amma lokacin da ake tsare Habiba a ƙofar banɗaki, yaran nan ne suka matsa mata ta zauna. Da tana kwance, su suka zo. Yanzu in tashi in ce a ceci tawa a jefar da su? Kuma shi umarnin bai raba ba. Malamin da ya kasa amsa mata, bai tsaya tambayar ko lalura ce ba. Tsoro ba ya tantancewa.”

“Za ki rasa mutane,” in ji Alhaji, a hankali.

“Na kusa rasa 'ya, Alhaji.”

Da zai tashi ya ce shi ra'ayinsa bai canza ba, zai kuma je ya faɗe shi. Na ce haƙƙinsa ne, za mu haɗu a can. A bakin ƙofa ya juyo ya ce wa matarsa, “A mayar da ita cikin zauren nan naku. Saɓani muka yi, ba fita ta yi daga Musulunci ba.” Amma har yau ba a mayar da ni ba.

Littattafan suna cikin kwali har yanzu. Misis Harpa ba ta da izinin kiran zama, amma ta ce babu dokar da ta hana ta cin abincinta ƙofa a buɗe, babu kuma wadda ta hana yara shigowa da nasu. Habiba ta koma makaranta, kowa ya san labarinta, wasu sun ja baya, wasu sun matso. Tana shan maganinta a gabana, ba don na tilasta ba, ita ta ce in riƙa kallo. Ni kuma duk zaman da hukumar za ta yi, ina canza ranar aiki in je. Sun gane hijabina, mai kiran suna ya koyi faɗin Saude daidai. Alhaji ya yi nasa bayanin, in yi nawa, mu gaisa a wurin ajiye motoci.

Wata Juma'a bayan an idar da salla, ina buɗe mota, na ji an yi mini sallama ƙasa-ƙasa. Wata yarinya ce matashiya, 'yar Maraɗi, mijinta direba ne, ban fi ganinta sau biyu ba. A kujerun gaba ta zauna ranar da na yi magana. Tana rungume da jariri cikin bargo, sai waige-waige take yi.

“Yaya Saude,” ta ce, “an sa masa Ibrahim. Amma a asibiti sun ce mu dawo, akwai abin da ba su gane ba. Babansa ya ce kada in faɗa wa kowa. Kwana biyu ke nan ba ya riƙe nono, sai amai.”

Na ɗaga bargon na kalli fuskarsa, na taɓa maɗigarsa. Maɗigar ta faɗa ciki, ruwan jikinsa ya ƙare, irin yadda Habiba take yi tana jaririya.

“Shigo mota,” na ce.

“Mutane suna kallonmu.”

“Su kalla. Riƙe kansa da kyau, ki kira babansa a hanya ki ce ya same mu a asibiti.”

Ta shiga. Na tayar da mota.